Akwatin Usur: Yadda Zaman Bitar Maƙala Ya Sauya Aiki a Wani Sashen Gyaran Magana

A sashen gyaran magana da nake aiki akwai wani akwatin roba da ya riga rabin ma'aikatan zuwa. Cikinsa usur ne kala-kala, da siraran bututun shan ruwa, da kwalbar kumfar sabulu, da 'yan dunƙulen auduga da yara ke hurawa a kan tebur, da ƙaramin madubi. Duk yaron da aka kawo don wasu sautuka ba sa fita daidai a bakinsa, da akwatin nan ake fara masa. Minti goma na farko na hure-hure ne da zaro harshe, a kai shi dama, a kai shi hagu, a yi ta ƙoƙarin taɓo hanci da shi. Sai an gama wannan a shiga aikin furuci. Haka na tarar ana yi, haka ni ma na yi ta yi, kuma ban taɓa tambayar dalili ba, don dalilin kamar a fili yake: da baki ake magana, in aka ƙarfafa baki ai magana za ta miƙe.

Mu shida ne a sashen, ban da ɗalibai masu zuwa sanin makamar aiki. Babbarmu ta kusa ritaya, kuma ita ta koya wa uku daga cikinmu aikin hannu da hannu, har da ni. A riƙe wannan, don shi ne ya fi komai wuya a labarin.

Zaman da ya mutu tun ba a je ko'ina ba

Mun taɓa kafa zaman bitar maƙala sau ɗaya kafin wanda zan ba da labarinsa. Sau ɗaya a wata, bayan an tashi aiki, wanda layi ya zo kansa zai kawo wata maƙala daga mujallun fanninmu ya gabatar. Abin da ke faruwa kuwa, daren jajibirin zama mutum zai shiga intanet ya cafko duk wadda ta zo hannu, ya kwafe tsakuren da ke kanta, ya zo ya karanta mana. Mu kuma mu gyaɗa kai. Wani ya ce "abin sha'awa", wata ta duba agogo. Babu wanda ya karanta maƙalar, wani lokacin har da mai gabatarwar. Kashegari kowa ya koma ɗakinsa ya ci gaba da abin da ya saba. Wata biyar aka yi, zaman ya bi ruwa, ba wanda ma ya yi cigiyarsa.

Abin dariya shi ne matsalarmu kishiyar ta waɗanda suka fara al'amarin ce. Lokacin da likita William Osler ya kafa irin wannan zama a Jami'ar McGill da ke Kanada a 1875, mujallu ne suka yi wa likita ɗaya tsada, sai aka haɗa hannu a saya a karanta tare. Mu kuwa maƙalun ne suka yi mana yawa, har mutum bai san ta inda zai kama ba. Tara mutane a ɗaki don su ji an karanta takarda bai warware wannan ba.

Da aka ɗora mini alhakin farfaɗo da zaman, sai na fara da neman abin da aka rubuta a kan shi kansa zaman. Akwai wata bita da Deenadayalan da abokan aikinsa suka fitar a 2008, wadda ta tattaro siffofin zaman da ke ɗorewa: lokaci tsayayye, manufa bayyananniya, jagora da ya san yadda ake tantance bincike, raba maƙala tun kafin ranar, da amfani da takardar tambayoyin tantancewa. Duk mun ɗauka. Muka nemi a ba mu awa ɗaya cikin lokacin aiki, aka ba mu da ƙyar. Amma ƙa'idar da na ga ta fi kowacce aiki ita ce wadda muka sa a gaba: ba a kawo maƙala sai an fara kawo majinyaci. Wato mutum ya zo da tambayar da ta taso masa a ɗakin aiki, a tsara ta bisa sigar nan da ake kira PICO, wane irin majinyaci, wace hanya ake son gwadawa, da wace za a kwatanta ta, kuma wane sakamako ake nema. Sai tambaya ta tsaya da ƙafarta a je neman amsa.

Yaron da ya jawo maganar

Ƙaramar cikinmu ce ta kawo tambayar, wata uku da kama aikinta. Tana ganin wani yaro ɗan shekara huɗu da rabi da ke mayar da "k" ta koma "t", "g" ta koma "d". In zai ce "kare" sai ya ce "tare", "kaya" ta zama "taya", "gari" ta zama "dari". Jinsa lafiya lau, an auna. Yana tauna, yana haɗiya, ba ya dalalar da miyau, yana hura usur har sai ka toshe kunne. Ta ce ita abin da ya ɗaure mata kai ke nan: yaron da ya fi ta iya hura kumfa, me take ƙarfafa masa? Zaman nasu rabin awa ne, sau ɗaya a mako, kashi ɗaya cikin uku yana tafiya a akwati.

Muka tsara tambayar kamar haka: ga yaran da ke da matsalar furucin sautuka ba tare da raunin tsoka ko shanyewa ba, shin atisayen baki da babu magana a cikinsa, in aka haɗa shi da aikin furuci, ya fi aikin furuci shi kaɗai gyara magana? Mutum biyu suka ɗauki nauyin nema. Sun duba ɗakin ajiyar Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya tana tantancewa, da rumbun speechBITE da aka kafa a Ostireliya don binciken fanninmu kaɗai, wanda ke ba wa gwaje-gwaje maki bisa ingancin tsarinsu. Suka dawo da takardu uku, aka raba mako biyu kafin zama.

Ta farko ba gwaji ba ce, jin ra'ayi ne. Gregory Lof da Maggie Watson sun tambayi masu gyaran magana a Amurka, suka fitar da sakamako a 2008: cikin mutum 537 da suka amsa, kashi 85 cikin ɗari suna amfani da irin wannan atisaye don gyara furucin yara. Da gangan na sa aka fara da ita. Ina son kowa ya shigo ɗakin da sanin cewa akwatinmu ba wautar sashenmu ba ce, abu ne da akasarin masu sana'ar suka yi imani da shi. Ta biyu bita ce da Rebecca McCauley da abokan aikinta suka wallafa a 2009, wadda ta ƙare da cewa babu isasshiyar hujjar da za ta goyi bayan atisayen ko ta rushe shi. Ta uku, wadda muka fi daɗewa a kanta, bitar Cochrane ce ta Alice Lee da Fiona Gibbon a 2015.

Ranar zama

Na raba takardar tambayoyin tantancewa irin ta CASP, wani shirin koyar da tantance bincike, muka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Shin masu bitar sun yi nema mai zurfi? Sun yi. Me suka samu? Bincike uku kacal ne suka cika sharuɗɗa, yara 22 gaba ɗaya. Da aka faɗi adadin sai wani ɗalibi ya ɗauka kuskuren bugu ne, ya sake duba shafin. Biyu daga cikin ukun ba su ga wani fifiko ga atisayen ba. Na ukun ya ba da rahoton ci gaba, amma masu bitar sun nuna cewa lissafin da aka yi amfani da shi bai dace ba. Ga ƙarancin yara, ga matsaloli a yadda aka tsara gwaje-gwajen. Nan na ɗan tsaya don ɗalibai, na tambaye su me ya sa ake damuwa da a ɓoye wa mai aunawa rukunin da yaro yake. Ɗaya ta ce don kada ya yi maguɗi. Na ce ba sai ya yi maguɗi ba. In ka san yaron nan shi aka yi wa hanyar da kake so, kuma ya fitar da wani sauti tsakanin "t" da "k", kunnenka da kansa zai ji "k". Duk wanda ya taɓa rubuta furucin yaro ya san wannan, ko bai faɗa ba.

Duk tsawon lokacin babbarmu ba ta ce uffan ba. Takardar na gabanta, ta ja layi a wurare da jan biro. Da aka zo kan me za mu yi, sai ta cire tabarau ta ce ita dai abin da ta gani a takardar nan shi ne ba a yi binciken kirki ba, ba ta ga inda aka ce atisayen ba ya aiki ba. Yara 22 ba su isa su tabbatar da abu ba, haka kuma ba su isa su rushe shi ba. Ita kuwa yaran da suka bi ta hannunta da akwatin nan suka fita da magana garau, ba ta san iyakarsu ba. Ta rufe da cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Ɗakin ya yi tsit. Ni ma jikina ya yi sanyi, ba don ta girme ni kaɗai ba, sai don rabin maganarta gaskiya ce tsantsa. Rashin hujja daban, hujjar rashin amfani daban, kuma ita ce kaɗai a ɗakin da ta karanta takardar da idon da ya kamata. Da na yi gaggawar mayar mata da martani da na zubar da abin da zaman ke son koyarwa. David Sackett da abokan aikinsa, a maƙalarsu ta 1996 da kowa ke kafa hujja da ita kan aiki bisa hujja, sun fito fili sun ce binciken waje ba ya maye gurbin ƙwarewar mai aiki. Ƙungiyar masu gyaran magana da ji ta Amurka ma, a matsayarta ta 2005, abu uku ta jera kamar duwatsun murhu: hujjar bincike, ƙwarewar ma'aikaci, da abin da majinyaci da iyalinsa suke so. In ka janye ɗaya tukunya ta kife.

Sai na ce, "Malama, gaskiyarki. To a taimaka mana da abu ɗaya. A cikin yaran nan da suka warke, akwai wanda aka yi wa atisayen shi kaɗai, ba a haɗa masa da aikin furuci ba?" Ta yi ɗan jim, ta ce a'a, ai ba mai hankalin da zai yi haka. Ƙaramarmu, da murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "To Anti, ta yaya za mu san wanne ne ya yi aikin?" Babbarmu ba ta amsa ba. Amma ba ta tashi ba, kuma a wurina wannan ya wadatar a ranar.

Ragowar lokacin mun kashe shi ne a kan dalilin da ya sa tun farko ake zaton atisayen zai yi aiki, kuma a nan ne hujjarsa ta fi rauni. Magana ba ta buƙatar ƙarfi mai yawa. Ƙaramin kaso ne na ƙarfin leɓe da harshe ake amfani da shi wajen furuci, abin da take buƙata shi ne sauri da daidaito da haɗin kan gaɓɓai. Sannan ƙwarewar motsi tana bin aikin da aka koya ne. Gaɓɓan da ke hura usur su ne ke magana, amma tsarin da ƙwaƙwalwa ke bi wajen sarrafa su ba ɗaya ba ne. Ga kuma yaron da ke gabanmu: matsalarsa ba a tsoka take ba, a tsarin sautukan da ke kansa take. Bai riga ya raba sautin da ake yi a hanɗa, can ciki, da wanda ake yi a hanƙa, bayan haƙoran sama, ba, duka biyun ya zuba su a ƙwarya ɗaya. Zaro harshe zuwa hanci ba zai koya masa cewa "kara" da "tara" kalmomi biyu ne ba. A ɗaya ɓangaren kuwa, hanyoyin da ke aiki kai tsaye a kan sautuka suna da hujjar da ta fi ƙarfi. Bitar Cochrane ta James Law da abokan aikinsa a 2003 ta nuna amfanin jinya ga yaran da ke da matsalar tsarin sauti. Tambayar ta tashi daga "yana cutarwa?" ta koma "minti goman nan, ina ya fi kamata a zuba su?"

Inda aka samu mafita

Wani abu ya fito a zama na gaba da ban yi tsammani ba. Na roƙi babbarmu ta nuna mana ainihin yadda take yi da yaro mai irin wannan matsala, ɗalibi ya zauna a matsayin yaron. Ta ɗauki 'yar katakon danne harshe, ta danne masa kan harshe a bayan haƙoran ƙasa, ta ce ya ɗan ɗaga haɓa ya ce "ka". Ta sa ya kalli madubi ya ga bayan harshe na tashi. Sai muka kalli juna. Wannan ai ba atisayen da babu magana ba ne, nuna wa yaro mazaunin sauti ne yayin da yake furta shi, kuma ba shi takardun ke tuhuma ba. Ashe shekara da shekaru muna kiran abu biyu da suna ɗaya. Abin da ya fi amfani a hannunta yana nan daram, abin da ake shakka a kansa shi ne hure-huren da muke kwaikwayo don ya fi sauƙin kwaikwayo. Ina jin wannan ne ya ba ta hanyar sauka ba tare da an ci fuskarta ba, mu ma ya hana mu zubar da abin da bai kamata a zubar ba.

Muka rubuta shawara a shafi ɗaya. Ga yaran da gwajin baki bai nuna rauni ba, za a daina buɗe zama da atisaye, a shiga furuci kai tsaye. Nuna mazaunin sauti da katako da madubi yana nan. Yaran da ke da matsalar tsoka ko ta haɗiya ba sa cikin wannan shawara, tambayarsu daban ce, za a kawo ta a nata lokacin. Kowa zai auna furucin yaro da jerin kalmomi iri ɗaya kafin farawa da bayan wasu makonni, har da kalmomin da ba a yi aiki a kansu ba, don a ga ko gyaran ya tsallaka. An sa suna da rana: wata uku, ni zan duba fayiloli in kawo rahoto.

Yaron kuwa, aka koma masa da tagwayen kalmomi da sauti ɗaya ne ya raba su. Ƙaramarmu za ta shimfiɗa hotuna biyu, na kashi da na mutum yana tashi, ta ce ya faɗa mata wanda za ta ɗauka. Ya ce "tashi" yana nufin kashi, ta ɗauki hoton mai tashi. Ya ɓata rai ya ce ba shi ba. Ta ce ai shi ka ce. A wannan ɓacin ran ne aikin yake, don a nan yaro ke gane cewa sautin da ya sauya ya sauya ma'ana. Ranar da ya fara fitar da "kai" da "k" ta gaske ta fito ta kira ni a farfajiya. Na taya ta murna, sannan na tuna mata, ni ma na tuna wa kaina, cewa yaro ɗaya ba hujja ba ne. Yara da dama a shekarunsa suna barin wannan kuskure da kansu. Da muka ɗauki nasararsa a matsayin tabbaci da mun faɗa ramin da muka gama nuna wa babbarmu.

Iyaye ne suka ba mu wahalar da ba mu hango ba. Wata uwa ta tambaya ko an rage wa ɗanta jinya ne, tunda yayansa da ya zo a baya an ba shi usur da atisayen yi a gida. Atisayen yana da wani daɗi ga iyaye: abu ne da ake gani, ake ƙirgawa, mutum ya kwanta da sanin ya yi wa ɗansa wani abu. Dole muka koma muka shirya musu abin da zai maye gurbinsa, katunan kalmomi da wasan minti biyar a rana, da bayani a sauƙaƙe. Da mun tuna da dutsen murhu na uku tun ranar farko da ba mu yi wannan tuntuɓe ba.

Da wata ukun suka cika na duba fayiloli. Akasari an bi shawarar. Mutum ɗaya ya ci gaba da hure-hure yana rubuta shi da sunan "ɗumama baki", da na yi masa magana ya ce yaran ne ke nema. Awo kafin farawa kowa ya yi, awo na biyu ne aka yi ta mantawa, wanda ke nufin ba mu da abin da za mu iya cewa da ƙarfi game da sakamako. Wannan laifina ne, ban sa shi a cikin fom ɗin da ake cikewa kullum ba. Akwatin yana nan a kabad. Kumfar sabulu ta koma ladan ƙarshen zama, yaro ya yi aiki ya hura abinsa, ba wanda ke rubuta ta a matsayin jinya.

Zai zama rashin adalci in ban juya fitilar kan zaman kansa ba. Hujjar cewa zaman bitar maƙala na ƙara wa ma'aikata ƙwarewar tantance bincike ba ta da ƙarfi yadda masu sonsa ke zato. Wani gwaji da Rachel Wenke da abokan aikinta suka yi da ma'aikatan lafiya a Ostireliya, aka wallafa a 2018, ya kwatanta zama mai tsari da na yau da kullum, kuma bai ga wani bambanci na a zo a gani a ma'aunin ƙwarewa ba, duk da cewa masu halartar mai tsarin sun fi gamsuwa da shi. Ni a ganina abin da ya motsa sashenmu ba ƙarin ilimin lissafi ba ne. Har yau rabinmu sai an sake bayyana musu tazarar amincewa, wato lissafin da ke nuna iya tabbacin sakamako. Abin da zaman ya samar shi ne awa ɗaya a wata da ma'aikaciyar wata uku za ta iya tambayar wadda ta yi shekara talatin "ta yaya muka sani?", takarda tana tsakaninsu, ba a ɗauke ta marar kunya ba.

Zama biyu bayan nan, babbarmu ta ce layinta ne. Kowa ya san ni da son manhajojin kwamfuta ga manyan da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa kalmomi, ina ba su aikin gida da su, ina yaba su a ko'ina. Ta kawo tambaya a kan wani dattijo da muke gani tare, wanda ya ƙware wajen kiran sunan hotuna a allo amma matarsa ta ce a gida har yanzu da nuni yake neman ruwa. Maƙalar da ta raba ita ce ta gwajin Big CACTUS da Rebecca Palmer ta jagoranta daga Jami'ar Sheffield a Ingila, aka wallafa a 2019, mutum 278. Waɗanda suka yi wata shida suna aiki da kwamfuta sun fi sauran iya tuno kalmomin da suka yi atisaye a kansu, da tazara mai kyau. Amma da aka auna hirarsu ta yau da kullum, ba a ga gyaran ya tsallaka can ba. Ta ja layi da jan bironta a ƙarƙashin wannan jimla ta biyu, ta turo mini takardar ta kan tebur, ta ce, "Bismillah, kai ne jagora, fara mana da tambaya ta ɗaya."